Wane Ya Tafi Gona

Ku ƙannena da kuka fito bana daga makarantar horon malamai mata, na ji hirarku ran nan a gindin mangwaron makaranta. Ɗayarku ta ce abin da ya fi burge ta a aikin nan shi ne hutun damina: yara su watse, a kulle aji, malama ta miƙe ƙafa har sabuwar doya ta cika kasuwa. Ban tanka ba, domin bakina ba shi da sauri, na fi iya bayani a takarda. Ban girme ku da yawa ba, amma na riga ku shan ƙurar alli, kuma mafi yawan abin da na iya a aikin nan a cikin hutu na koye shi.

Aikin farko da hutu yake kawowa shi ne gyaran allo. Zuwa ƙarshen zango babban allo ya yi furfura, alli ba ya kama shi, yaron da ke bencin baya sai ya runtse ido kafin ya ga rubutu. Sai ki daka gawayi ya yi laushi kamar kwalli, ki tankaɗe, ki haɗa da jiƙaƙƙen ƙaro, ki shafa da tsumma daga sama zuwa ƙasa, ba ki komawa baya. In ƙaro ya yi yawa allon zai yi ƙyalli, alli ya riƙa santsi a kai. In ya yi kaɗan, duk yaron da ya jingina zai koma gida da baƙin baya, uwarsa kuma ta zo ta same ki. Da damina ba a shanya shi a waje, a baranda ake barinsa iska ta busar da shi a hankali. Ina son wannan aiki. Idan allo ya bushe yakan yi kamar gabas in hadari ya haɗu, baƙi wuluk, bai zubar da komai ba tukuna.

Na fara koyarwa a nan Lafia a farkon shekarun hamsin ɗin nan, a makarantar elementare ta En'e, aji ɗaya. Ni kaɗai ce mace a cikin malamai. Yaran da aka ba ni, kaɗan ne suka tashi da Hausa a ɗakin uwa. Akwai 'ya'yan Alago, da Eggon, da Migili, da Gwandara, da 'ya'yan ma'aikatan jirgin ƙasa, kowa da harshen da ake kiransa cin tuwo da shi a gida. Hausarsu ta kasuwa ce: nawa, kawo, ba na so. Akwai kuma 'yan mata daga wajen Adogi, waɗanda iyayensu manoma suka yarda suka bar su a hannun 'yan'uwa a gari don kawai an ce mace ce za ta koya musu. Wani uba ya faɗa mini a gaban hedimasta, yana dafe da kan 'yarsa, da irin Hausar tasu: "Malama, saboda kai na kawo shi. Ranar da ka tashi, ni ma na ɗauke shi."

Koyarwata a lokacin hanya ɗaya ce. In rubuta layi a allo daga littafin karatu, in ɗora sanda a kai, in faɗa, su maimaita. Yaron da ya tashi a cikin harshe biyu ko uku kunnensa kaifi gare shi, kafin mako ya fita sun haddace shafi. Muryarsu kuwa in ta haɗu akwai daɗi, kamar ruwan sama a kan rufin kwano. Mata masu wucewa kasuwa sukan rage tafiya su saurara, ni kuma in ji ai na iya aiki.

A littafin akwai wani yaro da ake bin labarinsa shafi bayan shafi: ya tafi gona, ya ga akuya, ya sha ruwa. Sunansa Bala. Na rubuta shi a nan ne saboda da hannu nake rubutu, ba da baki ba. A shekarata ta farko na faɗi sunan nan safe da rana ba tare da tunanin komai ba, yaron littafi ne kawai. Sai na yi aure. Maigidana tela ne, yana da keken ɗinki a bakin kasuwa, kuma sunansa ke nan. Kun san mace ba ta kama sunan mijinta, balle a gaban yara, balle a garin da kowa ya san kowa. Da aka kawo mini sababbin yara na buɗe shafin, na ɗora sanda, harshena ya ƙi tashi. Sai na ce, "Wane ya tafi gona." Yara suka amsa, "Wane ya tafi gona." Na ji sanyi a raina. Haka muka ci gaba, Wane ya ga akuya, Wane ya sha ruwa, har damina ta zauna.

Malam Shehu shi ne mai duba makarantun ƙasar Lafia a lokacin. Dattijo ne siriri, yana yawo a kan keke da laima ɗaure a baya, ba ya ɗaga murya. Ya shigo ajina wata safiya, ƙafar wandonsa duk laka, ya zauna a bencin baya tare da yara ya ce in ci gaba. Muka rera masa shafin, ba wanda ya yi tuntuɓe. Ya taso ya karɓi sandata, ya ɗora a kan kalmar farko ita kaɗai.

"Mene ne wannan?"

"Wane," in ji aji gaba ɗaya.

Ya matsa kusa da allo kamar idonsa ne bai gani ba. Ya ɗauki alli ya rubuta Wane a gefe, ya nuna musu. Ba wanda ya san ta. Ya tsallaka ya nuna gona, wani ya ce tafi, wata ta ce akuya. Da aka tashi ya kira ni gaban hedimasta.

"Malama Hajara, yaya sunan maigidanki?"

Na sunkuyar da kai.

"To, na gane," ya ce. "Kunyarki ba laifi ba ce, ta ma yi mini aiki. Da sunan kike faɗa, da na fita ina yabonki ban san komai ba. Yaran nan bakinki suke karantawa, ba allo ba. Za a yi kwas na malamai a hutun nan, ki zo. A ƙarshe za ki koyar a gabana. In yara suka karanta, ajinki na nan. In ba su karanta ba, zan ba wa namiji ajin, ke ki koma gida."

"Ranka ya daɗe, 'yan matan Adogi fa?"

"Su ma ki tuna da su," ya ce, ya ɗaure ƙafar wandonsa ya hau keke.

A nan Lafia aka yi kwas ɗin. Malamai suka zo daga Obi da Awe da ƙauyuka, na En'e da na mishan, wasu a bayan motar doya wasu a ƙafa, kowa da tabarmarsa da akwatin ƙarfe. A aji suke kwana, a gindin bishiya suke girki. Manyan mutane masu gemu suka zauna a bencin yara, gwiwa tana neman haɓa. Ni da yake gida na kusa, nakan zo da safe in koma da azahar. A can na san Malam Yakubu, wani malamin mishan daga Obi, mutumin Alago, mai yawan ban dariya. Labarina ya riga ni isa. Ranar farko ya tashi ya share mini benci da hularsa.

"Malama, ka zauna nan. Yaya Wane? Ya dawo daga gonar?"

Kowa ya yi dariya, ni ma na ja mayafi na yi tawa a ciki. Tun daga ranar ba a kirana sai Matar Wane.

Yankan kati shi ne aikin da ya fi cin lokaci. Malam Shehu ya aike mu kantuna mu roƙo kwalayen sabulu da na sukari. A buɗe kwali, a shimfiɗa, a danne da dutse har ya miƙe, a ja layi da rula, a yanka da reza, kowane kati kamar tafin hannu. Tawadar ofis ba ta isa, sai mu haɗa tamu da ƙaro da baƙin gindin tukunya, mu fiƙe kara ya yi faɗin baki don harafi ya fito da kauri. A kowane kati gaɓa ɗaya ake rubutawa: ba, la, go, na, ta, fi. In za ki manna farar takarda a kai, kokon rogo ne yake riƙewa, amma ki ɗiga masa kananzir, in ba haka ba gara da kyankyasai za su riga yara zuwa. Kati kuma yana shan sanyin damina ya lanƙwashe, don haka nake ajiye nawa a cikin langa mai murfi kusa da murhu. Maigidana ya ga gefensu yana tsagewa. Sai ya kwashe su ya tafi da su shago, ya dawo da su an bi bakin kowanne da ƙyalle. Har yau su nake amfani da su.

Abin da Malam Shehu ya fi nacewa a kai kuwa ba katin ba ne, bakin malami ne. Kowace safiya akan tara yaran unguwa waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, mu riƙa gwada koyarwa a kansu, malami bayan malami, sauran suna kallo. Gaɓoɓi ɗai-ɗai ba su ba kowa wuya ba, yara sun kama su. Wajen haɗa biyu su zama kalma ake faɗuwa. Malami zai nuna gaɓa biyu, yara su yi shiru, sai ya buɗe baki ya haɗa musu. Nan take Malam Shehu zai ƙwanƙwasa benci da laimarsa ya ce, "Kai ka iya, mun sani. Bar su." Ba wanda ya iya barin su. Shirun aji abu ne mai nauyi, malami yakan ji kamar shi ake tuhuma. Malam Yakubu ya sha ƙwanƙwasa har ya gaji.

"Malam, bakin nan shi ne fartanyata. In na rufe shi, da me zan yi noman?"

"Ka yi da kunne," in ji Malam Shehu.

Ni ma ban gaskata ba. Gani nake wanda ba a faɗa wa abu ba, ba yadda za a yi ya sani.

A tsakar gidanmu na sami amsar. In na dawo da azahar nakan tarar da matan gida a rumfa suna ɓare gyaɗa ko fere rogo, ruwa na sauka. Na ce bari in gwada katunana a kan manya, waɗanda ba sa tsorona. Surukata, Inna, ita ta fi kowa yi mini tsiya.

"Malama, a kawo kwalin. In na iya, ni ma a ba ni keke da laima."

Kullum in ɗaga kati ɗaya ko biyu, su faɗa, hannuwansu na aiki. A nan na gane wasu abubuwa da kaina waɗanda ba a faɗa mana a kwas ba. In na ba ƙofa baya, haske yana kashe musu ido ba sa ganin katin. In na ɗaga da sauri, mai baki ɗaya ce take amsawa, sauran su bi ta. Girata ma takan ba da amsa, domin Inna ta ce ita ba kwalin take kallo ba, fuskata take kallo, in ta yi daidai tana gani.

Wata la'asar na ɗaga ba, Inna ta faɗa. Na ɗaga la, ta faɗa. Iska ta kaɗo ruwa cikin rumfa, na haɗa katunan biyu a hannu ɗaya don in ja tabarma. Inna tana kallonsu. Na ga leɓenta yana motsi. Ta faɗi na farko, ta ja shi, ta kai bakin na biyu, sai ta watsar da gyaɗar hannunta ta toshe baki.

"Ke 'yar nan, tarko kika ɗana mini?"

Maigidana ɗanta ne na fari, ita ma ba ta kama sunansa. Tun yana goye "yaron nan" take cewa. Matan gida suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

"Wallahi, Inna, ban lura ba."

"Ba ki lura ba. Ga yarona ƙiri-ƙiri a kan kwalin sabulu, ki ce ba ki lura ba."

Ni dariyata ba ta yi nisa ba. Na tsaya ina kallon katunan a hannuna. Ba wanda ya faɗa mata. Ni ba zan iya ba, ita ma ba za ta iya ba, amma sunan ya taso daga kwali ya je har bakinta da ƙafarsa. Daga ranar na koma koyon shiru. In haɗa kati biyu, in kafa idona a kan ruwan da ke ɗiga daga bakin rumfa, in bar su da abinsu. Wani lokaci in jure, wani lokaci bakina ya riga ni.

A makon ƙarshe aka yi gwaji. Malam Shehu yakan buɗe littafi ya miƙa wa malami shafin da zai koyar, a gaban kowa. Da aka zo kaina bai ko laluba ba, ya buɗe ya miƙo. Shafin nan ne, kuma sunan shi ne kalmar farko. Malamai suka cika bayan aji da tagogi. A bencin gaba ga ɗiyar ƙanwar maigidana, ta zuba mini ido. In na faɗi sunan, labari zai riga ni isa gida, kuma yara bakina suka sake karantawa. In na ce Wane, na ajiye ajina ke nan.

Na kife littafin a kan tebur, na buɗe langata. Na ɗaga ba, suka faɗa. Na ɗaga la, suka faɗa. Na riƙe ɗaya a wannan hannu ɗaya a wancan, na riƙa matso da su a hankali har bakin ƙyallensu ya haɗu. Na ce, "Wa zai gaya mini wanda ya zo?" Na rufe bakina.

Aka yi shiru. Yara suna kallon leɓena kamar 'yan tsuntsu masu jiran a sa musu abinci. Na kau da fuska zuwa taga. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, ganyen mangwaro yana ɗiga, can wajen tasha jirgi ya yi kuka. Wani yaro ya faɗi gaɓar farko, wata ta faɗi ta biyu, suka tsaya. Malam Yakubu ya yi wani tari a baya mai kama da magana, laimar Malam Shehu ta sauka a benci. Na ƙara ɗaga katunan. Da wata kalma ce, na tabbata da na faɗa, shirun ya kai inda ba na iya jurewa. Wannan kuwa ko na so ba ta fita.

A gefe akwai wata ƙaramar yarinya, 'yar masu sayar da gishirin Awe, wadda Hausarta ba ta da yawa. Da ta ga ba abin da za ta samu a fuskata, sai ta koma kallon kwalin. Ta faɗi na farko a hankali, ta faɗi na biyu. Ta sake, ta matso da su kusa kamar yadda na matso da katunan. Ta sake da sauri, sai fuskarta ta buɗe, ta faɗi sunan a fili. Ta juya ta zunguri ɗiyar ƙanwar maigidana.

"Kawunki ne. Mai ɗinki."

Yara suka ɗauka, manya suka ɗauka, ni na ɓoye fuskata a bayan katunan. Da na ɗaga go da na, rige-rigen haɗawa suka yi. Ta da fi ma haka. Na rubuta layin a allo, suka bi shi a hankali, da tuntuɓe, ba irin rerawar da na saba ji ba. Ba daɗi a kunne, amma idonsu a kan allo yake. Malam Shehu ya taso ya karɓi katunan farko biyu, ya musanya musu wuri. Yara suka karanta abin da ya fito, ba abin da suka ji ɗazu ba.

Bayan sun fita ya tsaya yana juya kati a hannunsa, yana duba ɗinkin gefen.

"Wa ya yi miki wannan?"

Na sunkuyar da kai.

"Wane," in ji Malam Yakubu daga taga.

Malam Shehu bai yi dariya ba, amma gemunsa ya motsa. Ya miƙo mini katin.

"Ajinki na nan, Malama Hajara. Abu ɗaya ya rage miki. Ki ɗauka duk kalmar da ke cikin littafin nan sunan maigidanki ce."

Ban san yadda na isa gida ba, na dai tuna hanya ta yi mini faɗi, ƙasa tana ƙamshin ruwa. Inna ta ɗago kai daga kan rogonta.

"An ba ki keken?"

"An bar mini ajina, Inna."

"Alhamdulillahi. To, ajiye langar ki ɗauki wuƙa."

Da aka koma makaranta 'yan matan Adogi suka dawo, uban nan ya aiko mini da doya. Aiki kuwa sabo ya zama, domin fitar da Wane daga bakin yaran ajina ya fi sa shi wuya. Mun koma baya, gaɓa bayan gaɓa, wasu suna fushi an hana su waƙarsu. Kafin shekara ta ƙare suna karanta rubutun jikin motoci a tasha.

Tun daga nan ban ƙara yin hutun miƙe ƙafa ba. In an kira kwas in je. In ba a kira ba, in zaɓi abu ɗaya da ya gagare ni a zangon da ya wuce in zauna da shi. Bara lissafi ne, na gwada shi da 'ya'yan tsamiya a kan matan gida har Inna ta ce a sake mata makaranta. Bana zan zauna wajen masu sayar da kayan miya in koyi gaisuwar Eggon da ta Migili, don yaron da ya shigo yana kuka ranar farko ya ji abin da ya sani.

Jibi za a kulle aji. Wadda take so ta zo gidanmu da reza da kwali, rumfa tana ɗaukar mu duka. In kuma kun ce sai na karanta muku takardar nan da bakina, zan karanta. Akwai wuri ɗaya da zan juyo muku ita, in yi shiru, in jira.